Kawu da Rana ta Takwas

Na Allah ne mu, kuma wurinSa Kawu ya koma ranar Talata da hantsi, a cikin motar da ya yi shekaru yana tuƙawa, a bakin wani kantin magani a unguwar Al-Sadd da ke Doha, babban birnin Qatar. Ya faka daidai cikin layi, ya kashe inji, ya ja birkin hannu, sannan ya kwantar da kansa a kan sitiyari. Likita ya ce zuciya ce. Ni dai na san ko a ranar mutuwarsa bai tare wa kowa hanya ba.

An yi masa sallah bayan la'asar a masallacin maƙabarta, tare da wasu gawarwaki biyu da ba mu san ko na su waye ba. Sahu ya cika, amma da baƙi ya cika: 'yan Bangaladash, 'yan Pakistan, Larabawa biyu ko uku, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Mu Hausawa mu shida ne. Na ƙirga mu a tsaye, na sake ƙirgawa a bakin kabari ko wani ya iso a makare. Babu wanda ya iso.

Limamin ɗakinmu ya aiko cewa yana diyuti. Na san jadawalinsa, Talata ranar hutunsa ce. A guruf ɗinmu na waya, inda muke fiye da ɗari, wani ya rubuta, "Allah ya jiƙan musulmi," bai ambaci suna ba, sauran suka bi shi da amin. Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi idan aka yi addu'a haka a kan gawar da kowa ya sani. Mutum ɗaya ne ya yi kuka da sauti, wani ɗan Zongon Kumasi mai wanke kwanoni a kasuwar Souq Waqif. Ya riƙe mini hannu da hannunsa mai ƙura yana cewa, "Wallahi mutumin nan shi ya ɗauko ni a iyafot, ban san kowa ba. Ina jama'arku? Ina suka shiga?"

Ni ne amsar tambayarsa. Ni na kori jama'ar nan daga kan gawar Kawu, da hoto guda ɗaya da na ɗauka da wayata. Ina rubuta wannan ne don a daina shakkar musuluncin ƙanen mahaifiyata, in ma akwai sauran wanda zai saurare ni.

Kawu gajere ne, baƙi, mai ɗan furfura a gemu da yake ragewa da almakashi duk Juma'a a madubin mota. Ba ya gaisuwa mai tsawo. Ko a waya, ko a titi, abin da yake fara tambaya shi ne, "Ka ci abinci?" In ka ce e, sai ya ce, "Me ka ci?" In ka yi jinkirin amsa, ya kama ka. Yana ajiye goro cikin jiƙaƙƙen tsumma a firijin maigidansa, ya raba ɗaya gida huɗu, ya ce goron Doha ba na ƙoshi ba ne, na tuna gida ne. Ni kuma "ɗan Yaya" yake ce mini, har na haura arba'in, har na yi sanƙo. Shi ya samo mini aikin gadi a wani dogon gini a Al-Sadd. Ranar farko ya dube ni cikin yunifom ya ce wandon ya fi ni kwarjini.

Aikin da kowa ya san shi da shi a cikinmu kuwa shi ne na gawa. In Bahaushe ya mutu a garin nan, ko ɗan Kano ne ko ɗan Tamale, Kawu ake kira. Shi ya san wane ofis ake fara zuwa, wace takarda kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin bizar mutum, zai sa wa hannu, wane mai wanka ne yake yarda dangi su shiga su taya shi. Shi yake buga wa iyalin mamaci waya a gida, kuma ba ya taɓa faɗa wa mace kai tsaye. Sai ya ce a ba shi namijin gidan. Na taɓa raka shi kan gawar wani direba ɗan Gusau, muka tsaya a rana tun safe har azahar muna jiran hatimi ɗaya. Na fara zage-zage. Ya ce, "Ɗan Yaya, shi wanda muke jira dominsa bai yi ƙorafi ba. Khalas, shi ke nan, sha ruwa."

Maigidansa wani tsohon injiniya ne, Bayahude, da ke zaune shi kaɗai a wani gida mai doguwar katanga a unguwar Al Gharrafa. Tun a Kaduna Kawu yake tuƙa shi, lokacin da Injiniya ke aikin gadoji, har ya iya Hausa irin ta masu koyo a bakin leburori. Da aiki ya dawo da shi Doha sai ya aika wa Kawu biza. Matar Injiniya ta rasu a nan, 'ya'yansa suna ƙasashen Turawa. Kawu ne direba, shi ne mai tuna masa maganin suga, shi ne mai faɗa da shi in ya saci zaƙi.

Duk shekara, idan zafin Doha ya fara sassautawa, Kawu yana gina wa Injiniya rumfa a tsakar gida. Yakan je wata gona a bayan gari ya ciko but ɗin mota da ganyen dabino, ya kafa sanduna, ya rufa. Yana kiranta sallar rumfa. Ya ce kwana bakwai suke yi suna cin abinci a ciki, don tuna zamanin da kakanninsu suka yi yawo a hamada tare da Annabi Musa. Rufin yana da ƙa'ida: inuwa ta fi rana yawa, amma kada ya toshe sama gaba ɗaya. Kawu yana dariya yana cewa shekarar farko ya yi ta kamar rumfar gonar babansu, ya danne ta har ɗigon ruwa ba zai shiga ba, Injiniya ya sa shi ya zare rabi. A kwanakin nan wasu 'yan'uwan Injiniya a addini, mutum huɗu ko biyar, sukan zo su ci su tafi.

Shekaru aka yi ana haka babu mai cewa uffan. Sai shekarar da wayoyinmu suka cika da hotunan yaran da ake zaƙulowa daga ƙarƙashin rusassun gidaje a yaƙin da ƙasar Yahudawa ke yi. Mutum ya dawo daga tsayuwar awa goma sha biyu, ya kwanta a gado mai hawa biyu, ya yi ta kallo har idonsa ya yi ja. Ni na fi kowa zafi, ban ɓoye ba. Wata Juma'a bayan an sauko, muna cin shinkafa a ɗakinmu, liman ya ce wa Kawu, "Alhaji, mun ji kai kake gina musu wurin bautarsu."

Kawu ya ajiye cokali. "Rumfa nake yi wa tsohon da na shekara talatin ina cin abincinsa. Bai taɓa jefa wa kowa ko dutse ba."

"Amma ibada ce."

"Tasa ce. Ni aiki nake. Kwana bakwai ne, a gama, in kwashe ganyena."

Aka bar maganar a haka. Liman ya ce in aiki ne kuma kafil ne ya sa, to akwai uzuri. Ni kuwa na riƙe lissafin a raina, kwana bakwai.

Na ƙirga kwanakin kamar mai jiran Sallah. A rana ta takwas na tashi daga aikin safe, na hau bas zuwa Al Gharrafa da niyyar in taya shi rushe rumfar, in ga bayanta da idona. Ƙaramar ƙofa a buɗe take. Mota tana lulluɓe da tampol, alamar babu inda za a je. Rumfa tana nan tsaye, ko ganye ɗaya ba a taɓa ba. A ciki Injiniya yana zaune da 'yar hularsa a tsakar ka, a bakin tagar da ke bayansa kyandir yana ci cikin gilashi da rana tsaka. A gefensa, a kan tabarma, Kawu ne zaune, ya ɗaga hannuwa biyu, idonsa a rufe, bakinsa yana motsi.

Ban yi sallama ba. Na ɗaga waya na ɗauka. Abin da kaina ya faɗa mini a tsaye a wurin shi ne: bakwai ta wuce, aiki ya ƙare, babu tuƙi, babu uzurin kafil, to zaman me yake yi? Kafin in kai tashar bas na tura hoton a guruf, na rubuta a ƙasa, "Yau kwana takwas." Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. A lokacin har ina ganin na yi adalci, tunda ban yi ƙarya ba.

Washegari da yamma ya zo wurin aikina. Ya tsaya a gaban teburin gadi, rigarsa fara a goge kamar kullum. Bai tambaye ni ko na ci abinci ba.

"Ɗan Yaya, ka shigo gida ba ka yi sallama ba."

"Kawu, kai ka ce kwana bakwai. A gaban mutane ka faɗa."

"Na faɗa. Ta takwas daban take."

"Daban kamar yaya? Ko tana cikin sallarsu ko ba ta ciki. In tana ciki, ka yi mana ƙarya. In ba ta ciki, to ba aiki ya zaunar da kai ba."

Ya buɗe baki zai yi bayani, na ɗaga masa hannu. Ni, na ɗaga wa ƙanen mahaifiyata hannu kamar mai tsayar da motar da ba ta da izinin shiga. Na ce ba na son jin fiƙihun Yahudawa daga bakinsa. Ya dube ni. Sannan ya ce, "To. Allah ya san abin da na karanta." Ya juya ya fita. Na bi shi da ido ta gilashi, ya tsaya a bakin titi yana laluben makulli a aljihun da ba ya ajiye makulli.

Hoton ya yi tafiyar da ban aike shi ba. Ya fita daga guruf ɗinmu ya shiga na 'yan Ghana, ya isa Dubai, ya isa gida. Wani ya ƙara masa rubutu cewa dattijon Hausawa ya bar addini a Qatar saboda abin duniya. Babu wanda ya fuskanci Kawu. Kawai dai aka daina. Aka daina matsa masa wuri a tabarmar Juma'a. In ya miƙa goro sai mutum ya ce yana azumi. Da wani ɗan Katsina ya faɗo daga kan gini ya rasu, ba a kira shi ba, gawar ta yi kwana goma sha ɗaya a firij saboda babu wanda ya san hanyar takardu. Na ji labarin Kawu ya je ofishin shi kaɗai ya nuna wa ƙanen mamacin tagar da zai bi, ya tafi kafin sauran su iso.

Ya ci gaba da zuwa Juma'a, amma ya koma wani masallaci a Al Gharrafa inda babu Bahaushe. Sau uku ya kira ni a watannin nan, ban ɗauka ba. Na farko don fushi. Na biyu da na uku don kunya, gaskiyar magana ke nan. Ina ta cewa bari azumi ya zo in je in same shi. Azumi ya zo ya wuce, na ce bari Babbar Sallah. Ita ma ta wuce.

Kwana biyu bayan an binne shi na je kwashe kayansa. Injiniya ne ya buɗe mini ƙofa da kansa, yana dogara sanda. Ya rame, maɓallan rigarsa a karkace. Ya gane ni. Ya ce ranar jana'iza ya hau tasi ya je, amma ya tsaya a wajen katanga, don ya san in an gan shi zai ƙara wa mamacin nauyi. Ɗakin Kawu yana bayan gareji: gado, akwati, dadduma da ta ƙoƙe a wurin goshi, Alƙur'ani mai bangon fata da ya zo da shi daga gida, da sandunan rumfa a ɗaure a lungu.

Ban yi niyyar tambaya ba, bakina ne ya tambaya. Na ce, "Ranar nan ta takwas, tana cikin sallarku ko ba ta ciki?"

Ya zauna a bakin gadon Kawu. Hausarsa a karye take amma na fahimce shi sarai. Ya ce sunanta Shemini Atseret, kuma tambayar da na yi malamansu sun daɗe suna juya ta. Ana ce mata ta takwas, to ka ga a manne take da bakwai ɗin. Amma idi ce mai zaman kanta, da addu'arta daban. Bikin rumfa ya ƙare a ta bakwai. A ta takwas ba a aiki, ba a hawa mota, ana fara roƙon ruwan sama. Waɗanda ke zaune nesa da ƙasar kakanninsu, irinsa, sukan ci abinci a rumfa a ranar saboda kokwanton lissafin wata, amma ba sa karanta addu'ar rumfa. Na ce masa mu ma mun san rigimar ganin wata. Ya ɗan murmusa, murmushin bai daɗe ba.

"Kuma ranar ce muna tuna matattu," ya ce. "Fitila da ka gani, na matata ne."

Ya gyara riƙon sandarsa, ya ci gaba.

"Ranar nan babu aiki. Kowane shekara ina ce masa, tafi, tafi wurin 'yan'uwanka, ka huta. Baƙi duka sun tafi tun jiya. Shi ya ce a'a. Ya ce mutum ba ya tuna matarsa shi kaɗai a gida babba haka." Ya nuna daddumar da sandarsa. "Yana yin sallar azahar a nan, ya zo ya zauna. Ni ina kira sunan matata. Shi yana karanta Fatiha, yana kira sunan matarsa. Nasa daban, nawa daban. Bai taɓa ce amin a nawa ba. Ya ce in yi haƙuri, ba zai iya ba."

Matar Kawu ta rasu wajen haihuwa tun ina makarantar firamare, ita da jaririn. Bai sake aure ba. Ni na san wannan, na san kabarinta, na sha zuwa da Inna mahaifiyata muna yayyafa masa ruwa. Hannuwan da na ɗauka a hoto ita suke yi wa addu'a.

Ashe ta wani ɓangaren na canka daidai, ba aiki ne ya zaunar da shi ba. Shi ya zaɓi ya zauna. Na tsani kaina a ɗakin nan yadda ban taɓa tsanar wani mahaluki ba. Injiniya bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce kawai Kawu ya hana shi zuwa ya yi mana bayani, ya ce shaidar Bayahude a kan musuluncin mutum sai ta ƙara ɓata abin.

A bas na rubuta komai na tura a guruf, da sunana, da cewa ni na ɗauki hoton kuma na zalunce shi. Mutum uku suka ce Allah ya gafarta masa. Liman ya karanta bai ce komai ba. Bayan minti ashirin wani ya saka tallar ɗaki mai gado ɗaya a Al-Sadd, maganar ta gangara sama. Hoton ya yi wata goma yana yawo, gyaran bai yi awa ɗaya ba.

Saura Inna. Ita ce babbar yayarsa, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tun ranar rasuwar muke magana a gajarce, kullum da mutane a kanta. Na bari har aka yi sadakar bakwai, masu zaman makoki suka watse, sannan na kira ta da safe kafin in shiga diyuti. Muryarta ta dushe.

Ta ce, "An samu jama'a?"

Na ce, "An cika sahu, Inna."

"Namu nake tambaya."

"Mu shida."

Na ji numfashinta a waya. Ta ce a can ma haka aka yi. Maza sun zo ƙofar gida sun yi addu'a a tsaitsaye, wani malamin unguwa ya ƙi zuwa, ya ce sai an tabbatar masa a kan me aka mutu. Ta ce wata maƙwabciya ta nuna mata hoton tun bara, ta ɓoye mini don kada hankalina ya tashi a ƙasar mutane. Tun ranar, in ji ta, duk sujadar da ta yi sai ta kai ƙarar wanda ya ɗauki hoton nan wurin Allah, ta roƙa kada ya gama da duniya lafiya.

"Kai kana can," ta ce. "Ka san ko waye?"

Na duba agogo, saura minti huɗu in karɓi aiki. Da na ce ban sani ba, da ta yarda, domin ban taɓa yi mata ƙarya ba.

"Ni ne, Inna."

Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Na fara ba ta labarin rumfa, da kyandir, da rana ta takwas, da Fatihar da yake yi wa matarsa. Ta bar ni na kai ƙarshe.

"Ni ba sai an faɗa mini abin da ƙanena yake karantawa ba," ta ce. "Ni na koya masa Fatiha."

"Inna, ki yafe mini."

"Addu'ar da na yi a kanka zan roƙi Allah ya mayar da ita, don ni na haife ka. Amma yafiya ba a hannuna take ba. Mai ita kun rufe shi ku shida."

Ta kashe wayar.

Ya Allah, Kai ka ji abin da Kawu ya karanta a rumfar nan lokacin da ni na ƙi ji. Ka yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba, Ka haɗa shi da matarsa da ɗansu, Ka ba shi jama'ar da ta fi wadda na hana shi. Wanda duk hoton nan yake cikin wayarsa, ina roƙonsa don girman Allah ya goge, ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, kuma ya ambaci sunansa in zai yi.